Buhuna Biyar na Haulatu

Malam Badaru ya shekara talatin da ɗoriya yana noma a Tafashiya, gero da dawa da wake, sai gyaɗa a gefen da ƙasar ta fi yashi. Amma bai taɓa ganin an yi gona a cikin buhu ba sai a tsakar gidansa na Kankiya, a shekarar da ɗiyarsa Haulatu ta karye.

Daga Kusada take dawowa, bikin wata ƙawarta, babur ɗin da ya ɗauko ta ya zame a yashi, cinyarta ta dama ta karye. Wata huɗu tana kwance. Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya kama, amma a watannin nan ƙawayen da suka gama sakandare tare duk suka wuce makarantun gaba, ita tana ɗaki. Tun tana kuka har ta daina, kuma daina kukan ne ya fi tayar wa Badaru hankali. Tun safe za ta juya fuska bango. A kawo abinci ta yi loma uku ta ture. An sassaƙa mata sandar dogarawa, ta jingine ta bayan ƙofa, ba ta taɓa ta sai za ta kewaya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiran sunanta, Uwata yake ce mata. In ya leƙa ya ce, "Uwata, ya jikin?" ta ce, "Da sauƙi," to zancen yini ya ƙare ke nan.

Wata safiya bayan an gama kai amfanin gona gida, matarsa Lami ta zazzage kwandon cefane ta tarar da dankalin turawa guda biyar da aka manta a ƙasa. Sun yamushe, sun yi tsiro fari-fari kamar haƙoran jariri. Har ta nufi turken awaki da su, sai murya ta fito daga ɗaki.

"Inna, kar ki zubar. Miƙo min in gani."

Badaru yana gindin ɗarbejiya yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ajiye ta a hankali, don rabon da ya ji yarinyar ta nemi wani abu har ya manta.

Kwana biyu tana jujjuya dankalin tana kallon waya. Rana ta uku sai ga ta a bakin ƙofa, sanda a hammata, tana ba da umarni. A kawo tsofaffin buhunan taki guda biyar. A huda musu gindi da ƙusa mai zafi. A naɗe bakinsu ƙasa kamar hannun riga. Ƙasar ma ba iri ɗaya take so ba: buhu ɗaya yashi da busasshen kashin shanu, ɗaya ƙasar juji, ɗaya ƙasar gindin ɗarbejiya, ɗaya da takin awaki, na ƙarshe a haɗa duka. Ta yanka kowane dankali biyu, kowane ɓari da idonsa, ta barbaɗa toka a wurin yankan, ta bar su suka sha iska, sannan ta binne bibbiyu a kowane buhu.

"Mi ya sa ƙasa kala-kala, Uwata?"

"So nike in ga wadda ya fi so, Baba."

Shi dai ya ɗebo ƙasa, ya ɗebo ruwa. Da ta ce ya ɗebo dutse ma da ya ɗebo.

Sanyi ya shigo sosai lokacin da ganyen farko ya fasa ƙasa. Daga nan Haulatu ba ta ƙara yini a ɗaki ba. Da hantsi tana kan kujera 'yar tsugune, ƙafar a miƙe, tana auna tsawon kowane tsiro da tsinken tsintsiya tana rubutawa a tsohon littafinta na makaranta. Duk sanda ganyen ya ƙara tsawo sai ta warware bakin buhun ta ƙara ƙasa, har ta rufe rabin karan. Wannan bai dami Badaru ba, ai shi ma yana tara wa dawa ƙasa a gindi. Har ya fara jin daɗin abin. Ganyen ya yi kama da na tumatir, amma in ka murza shi warinsa daban. Yakan tsuguna bayan ya dawo daga masallaci da safe ya yi ta kallo, yana tambayar kansa abin da ke faruwa a cikin buhun da ido ba ya gani.

A sati na bakwai suka yi fure, fari mai ɗigon rawaya a tsakiya. Nan Badaru ya ce a ransa, yanzu aka zo wurin da na sani. Abin da ke 'ya'ya a cikin ƙasa ai ba baƙonsa ba ne. Gyaɗa takan yi fure, furen ya yi yaushi, wani siririn tsinke ya fito daga gindinsa ya sunkuya ya soki ƙasa, a bakin tsinken nan ƙwaya ke ɗaurawa. In fure ya zube bai soki ƙasa ba, manomi ya san harawa kawai zai kwasa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, furen dankalin yana can ƙololuwa, fiye da kamu guda daga ƙasa. Ta yaya zai sauko? Ya zuba ido ya ga ikon Allah.

Bai sauko ba. Ɗaya bayan ɗaya furannin suka bushe suka faɗo, iska ta share su zuwa bakin rariya.

"Uwata, furen nan fa zubewa yake."

"Na gani, Baba. Ba komi. Shi dankali ba ruwanshi da fure."

"Wa ya ce?"

"Matar da nike kallo a waya."

"Ita matar 'yar ina ce?"

"Oho. Garinsu dai har ƙanƙara ke zuba."

Badaru ya ce, "To." Amma to ɗin ba ta kai ciki ba. Matar da ke garin ƙanƙara me ta sani game da ƙasar Kankiya? Ya jira har Haulatu ta shiga wanka, ya tura yatsa cikin buhun farko, iyakar zurfin da gyaɗa ke kwanciya. Ƙasa ce kawai da siraran saiwoyi. Ya gwada na biyu da na uku. Babu ko ƙwaya. Ya shafe ramukan da tafin hannu, ya koma gindin ɗarbejiya ya zauna.

Ba dankalin ne damuwarsa ba. Ranar da za a juye buhunan yake hangowa, yarinyar ta tona ta tona ba ta sami komai ba, ta ɗauki sandarta ta koma ɗaki ta juya fuska bango. Ya ɗan taɓa wa Lami zancen, ta ce, "Malam, ka bar yarinya da buhunanta. Kai komi sai ka sa mishi ido har ya lalace." Daga nan bai ƙara ce mata komai ba.

Ranar kasuwa ya nufi rumfar Ɗanmaliki, abokinsa tun na ƙuruciya, mai sayar da albasa da kabeji da dankali.

"Ɗanmaliki, tambaya gare ni. Shi dankalin nan in furenshi ya zube, yana yin 'ya'ya?"

"Dankali na fure?"

"Kai da ke saida shi shekara ashirin ba ka sani ba?"

"Ni a buhu nike ganinshi, Badaru. Mota ta sauke min daga Jos, in zuba a faranti. Ko a hanya na gamu da ganyenshi ba mu gaisawa. Saye za ka yi ko jarabawa ka zo yi min?"

Badaru ya tsuguna ya fara zaɓe. Ya ture manya, ya ture masu sheƙi, yana neman matsakaita, irin waɗanda za a yarda buhun taki ya haifa.

"Ikon Allah," in ji Ɗanmaliki. "Kowa manya yake wawaso, kai ƙanana. Ko surukai za ka yi wa girki?" Ya jawo wani tsohon buhu daga bayan rumfa. "Ga irin naka nan, sun kwana biyu. Kwashe, ka rage min kaya."

Ya kwashi guda ashirin, ya ɓoye su a zaure ƙarƙashin harawar wake.

Bayan kwana uku Lami ta ɗauki Haulatu a keke-napep zuwa Bauranya, mai ɗori zai duba ƙafar. Badaru ya ce kansa na ciwo, su tafi kawai. Ƙarar keken na ɓacewa ya kwaso dankalin a gaban riga. Ya haƙa gefen buhu da hannu, ba zurfi, don kada ya yi ɓarna da yawa, duk da haka yana jin saiwoyi na tsinkewa a yatsunsa. Huɗu a buhun kashin shanu, huɗu a na takin awaki, huɗu a na haɗin. Ya kai hannu buhu na huɗu ke nan aka yi sallama a ƙofa, an yi rasuwa a unguwa, ana jiran maza a fita da gawa. Kafin ya dawo daga maƙabarta su Lami sun riga shi gida. Ragowar takwas ɗin ya ba wata tsohuwa maƙwabciyarsu, ya ce kada ta yi godiya da ƙarfi.

Sati biyu ya samu yana cin tuwo da daɗi. Ganyen ya fara rawaya yana kwanciya, Haulatu ta ce haka ake so, alamar ya kusa ke nan, ta rage ban ruwa. Badaru ya gyaɗa kai. Shi a ganinsa mutuwa ce shukar ke yi, amma ko ta mutu ya san akwai abin da za a tarar.

Sai wata safiya ya ji ta tana ƙwala kira. "Baba! Inna! Ku zo ku gani!"

A gefen buhun kashin shanu, nesa da tsohon karan da ke bushewa, wani sabon tsiro ne kore shar ya ɗago ƙasa. Ga wani a na takin awaki. Kafin kwana uku sun zama tara.

Badaru bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya binne abinci, ya manta iri ya binne.

"Abin mamaki," in ji Haulatu, idonta na ƙyalli. "Matar ba ta taɓa faɗin haka ba. Uwa na mutuwa, sababbi na fitowa. Kuma Baba ka lura? Buhu ukku kawai. Na juji da na gindin ɗarbejiya babu ko ɗaya. Mi ke cikin ukkun nan da babu a biyun?"

"Allah kaɗai Ya sani, Uwata."

"Taki ne. Duka ukkun akwai kashin dabba. Ko kuwa sun fi riƙe ruwa?" Ta juya ta dube shi. "A gyaɗa ka taɓa ganin haka?"

"A gyaɗa... in an bar ta ta wuce lokaci, ruwa ya sauka, takan tsira a ƙasa."

"To ko nawa sun nuna har sun fara tsira?" Ta rubuta wannan ma.

Ya yi tunanin ya tsinke tsiron in ba ta kusa, amma ta riga ta kafa wa kowane tsinken tsintsiya a gefe, ta ba shi lamba. Ta tambaya a wani zauren manoma na waya, mutum goma suka ba ta amsa goma. Badaru ya rasa inda zai sa kansa. Bai taɓa ganin ta da rai haka ba tun kafin haɗarin, kuma duk a kan ƙaryarsa take wannan murna. Wani abin haushin, shi ma in ya tsuguna sai ya kama kansa yana mamakin yadda dankalin da ya sha hanya tun daga Jos, ya kwana biyu a bayan rumfar Ɗanmaliki, bai manta aikinsa ba.

Ana saura kwana biyar a juye buhunan, Haulatu ta daina zancen sabon tsiro. Tana fitowa, tana zama, amma littafin na rufe a cinyarta. In ya gaishe ta sai ta amsa tana kallonsa ɗan lokaci fiye da yadda ta saba.

Ranar Asabar da hantsi Lami ta shimfiɗa tsohuwar tabarma a tsakar gida. Haulatu ta ce a fara da biyun da ba su yi tsiro ba. Su ne kuwa Badaru bai sa wa komai ba. Ya kama buhun juji ya kifar, ƙasar ta zube ta tsaya da siffar buhun, ya sa hannu ya fasa ta.

Wani abu ya gangaro ya bugi ƙafarsa. Dankali ne, kamar ƙwan zabo, fatarsa sumul, siririya har tana saɓulewa in an murza. Ya ƙara fasawa. Ga su nan can ƙasa, kusa da gindin buhun, kowane a rataye da farin zare da ya fito daga jikin karan da ta yi ta binnewa. Badaru ya manta da komai. Ya ɗaga karan sama yana jujjuya shi, 'ya'yan na lilo.

"Lami, zo ki gani! Ashe daga kara suke fitowa! Ba daga fure ba, ba kuma daga saiwa ba. Kin ga zaren? Shi ya sa take ta ƙara ƙasa. Kai! Ni ina nan sama ina lalube kamar gyaɗa, su suna can..."

Lami ta dube shi.

"Lalube? Yaushe ka yi lalube?"

Haulatu ba ta ɗago ba, ƙirga take. Sha huɗu a buhun juji. Na gindin ɗarbejiya tara, wasu ba su fi goro ba. Sannan ta ce, "Baba, juye na kashin shanu."

Ya juye. Tun kafin a fasa ƙasar sai ga huɗu sun faɗo daga sama-sama, sun fi sauran girma, sun yi taushi, kowane da dogon tsiro a ka, ba zaren da ya haɗa su da kowa. Haulatu ta ware su gefe. Ta fasa ƙasan, ta fito da nata guda shida. Haka na takin awaki, haka na haɗin. Aka tashi da tsibi biyu a kan tabarma, nata da kuma sha biyun da ba nata ba.

Ta ɗauki ɗaya daga cikin sha biyun ta miƙa wa uwarta. "Inna, dubi nan. Saran fartanya ne, har ya warke. Wa ya shiga buhuna da fartanya? Dubi cikin idon kuma, jar ƙasa ce. Gidan nan akwai jar ƙasa?" Ta juyo. "Ran Litinin na tona gindin tsiro na ukku, na gan shi. Na maida na rufe."

"Malam!" in ji Lami. "Ciwon kan da ka yi ranar Bauranya ke nan?"

Badaru ya buɗe baki, ya ce furen ne, furen ya zube, shi kuma a gyaɗa...

"Kwana tara ina tambayar mutane," in ji Haulatu, muryarta ƙasa-ƙasa. "Har na ɗauka na gano abin da matar ba ta sani ba. Yanzu ukkun nan sun ba da kaɗan, ban san ko takin ne bai karɓe su ba ko hannunka ne ya tsinke su. Wata ukku, Baba. Ƙafata ce ta karye, ba kaina ba."

Ta jawo sandarta, ta miƙe, ta shiga ɗaki. Labulen ya faɗi a bayanta.

Badaru ya zauna a ƙasa, nan gefen tabarmar, hannuwansa duk ƙasa. Abin da ya yi wata guda yana gudu ga shi ya jawo shi da hannunsa. Lami ta kwashe dankalin Haulatu a ƙwarya, ta bar masa sha biyunsa a gabansa. "Tsoron nan naka," ta ce, "wata rana sai ya cinye gidan nan." Ta wuce madafa. Ya kasa kunne ko zai ji kuka daga ɗakin. Da ya ji kuka ma da ya fi masa. Shiru kawai, sai awaki da ke ta miƙo wuya suna son ganyen da aka zubar.

Har aka kira azahar bai motsa ba. Ya je ya yi salla ya dawo ya tarar da labulen yadda ya bar shi. Ya koma ya zauna, ya ɗauki ɗaya daga cikin dankalin yana kallon tsiron, don ba shi da wani abin kallo.

Sai ya ji ƙwas, ƙwas, sanda a kan daɓe. Ta fito da mayafi, littafin a hannu. Ba ta tsaya a kujerarta ba, ta wuce shi, ta wuce turken awaki, ta nufi zaure, inda rabonta da taka shi da ƙafarta ba a riƙe ta ba tun ranar bikin Kusada. Ya ji tana ture harawa. Can ta ɗaga murya.

"Baba, buhunan takin nan guda nawa suka rage?"

Ya miƙe da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. "Za su kai shida, Uwata."

"Kawo su duka. Matar ta ce dankali ba ya yi in zafi ya shigo, ga zafi na tahowa. Ita ba ta san zafin Kankiya ba, ni kuma ban san ko gaskiya ta faɗa ba. Sha biyun nan sun riga sun tsira, ba za a zubar ba. Buhu ukku a inuwa, ukku a rana, duka ƙasar juji." Ta dawo bakin zauren ta tsaya, tana haki kaɗan, ba ta yi murmushi ba. "Naka ne, kai ka sayo su. Kai za ka ba su ruwa, ni in rubuta. In sun mutu, sun mutu, a bar su in gani. Kuma wanda ya ƙara tura yatsa a buhu..."

"Ba mai turawa."

"Inna ce shaida."

"Na ji," in ji Lami daga madafa. "Ni zan riƙa duba mishi farce."

Badaru ya kwaso buhunan, ya sa ƙusa a wuta, ya huda gindinsu, ya naɗe bakin kamar yadda ya ga ta yi. Ya zuba ƙasar juji kamar rabin kamu. Sannan ya ɗauki dankalin farko, mai saran fartanya, ya tsaya da shi a hannu yana juyawa. Shekara talatin yana jefa iri a rami bai taɓa tambayar ta ina zai kwanta ba.

"Uwata, tsiron sama zai kalla ko ƙasa?"

"Sama, Baba. A hankali, kar ka karya shi."